Mutum Takwas don Kiɗan Dod

Ishbel ta kai ƙarshen sashe na biyu, ta ɗaga bakan gogenta sama, ta tsaya tana jira. Dod ya buɗe baki daga kan matashi. Leɓɓansa suka motsa, maƙogwaronsa ya hau ya sauka, amma ko ɗigon kiɗa bai fito ba.

"To?" in ji ta.

"Sake daga farko."

"Dod, sau bakwai ke nan fa."

"To ki yi na takwas mana. Hannunki zai karye ne?"

Ta sake. Ta gangaro da sashe na farko, ta shiga na biyu, ta fita, ta tsaya. Shiru. Sai ƙarar agogon bango da kukan tumaki can a gefen tudu. Tsohon ya rufe ido ya matse fuska har jijiyar goshinsa ta tashi, sannan ya saki jiki a kan gado. Da ya buɗe idon, Ishbel ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a fuskar Dod Cargill. Tsoro ne ƙarara.

"Babu shi, Ishbel," ya ce. "Na leƙa inda yake zama, babu shi."

Shekara arba'in da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidanta da nasa a ƙauyen Dalmorie, bangon da ko tari ba ya ɓoyewa. Ta cikinsa ta saci duk kiɗan da ta iya. Dod na goge a kicin ɗinsa, ita tana nata kicin da tsohon gogen mahaifinta, tana bin sa a hankali don kada ya ji. Ashe yana ji. Idan ta kwafsa sai ya buga bangon da sanda, bum, bum, ko uffan ba zai ce ba. Haka ta iya kiɗe-kiɗen rawa sun fi ɗari, har da sashe biyu na wannan da suke fama da shi tun safe, wanda ake kira "Kirsty ta Haye Kogi".

Kakan kakan Dod ne ya yi shi, wani Sandy Cargill, mai yawo gona zuwa gona da goge a cikin buhu yana koya wa 'yan ƙwadago rawa. A shekarar da ruwa ya ci gadar Dalmorie, budurwarsa Kirsty ta rataye takalmanta a wuya ta faɗa kogin da ƙafa, don kada rawar kaka, wadda ake yi bayan girbi, ta wuce ta. Sashe na farko gangarowarta ce daga tudu, na biyu shigarta ruwa, na uku fitowarta a wannan tsallaken. A zamanin kakan Dod wani mai tattara kiɗe-kiɗe ya zo daga Edinburgh da littafi da alƙalami. Kakan ya ba shi shayi, ya ba shi sashe biyu, ya ce iyakarsa ke nan, ya raka shi har bakin hanya. Don haka duk wanda ya iya kiɗan a faɗin Scotland, biyun nan ya iya. Na ukun sau ɗaya ake kaɗa shi a shekara, a rawar ƙarshe ta bikin kaka, kuma hannun ɗan gidan Cargill ne kawai ke kaɗa shi.

Tana da shekara ashirin da bakwai Ishbel ta cire kunya ta roƙe shi ya koya mata. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Na gidan Cargill ne, kuma na maza." Maganar nan ta zauna mata a maƙoshi har ta yi furfura. To ga shi ɗansa tilo yana Ostareliya yana sayar da motoci, bai san gaban goge ba balle bayansa. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Dod hannun hagu shekara biyu da suka wuce, yanzu kuma zuciya ce ke neman tsayawa. Yau da sassafe ya buga bango da sanda, da ta shigo ya ce, "Ɗauko gogenki. Zan rera miki da baki, ki kama." Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

"Ka yi tunani mana," ta ce. "Ubanka da ya koya maka, ta ina ya fara?"

"Wa ya ce miki ya koya min? Ba a koyar da shi a ɗaki. Bayansa nake tsayawa a zauren rawa, shekara da shekaru. Wata shekara da aka zo sashe na uku sai kawai ya sauke bakan gogensa, ni kuma na ji hannuna ya wuce." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ban taɓa kaɗa shi ni kaɗai ba, Ishbel. Ko sau ɗaya. Ƙafafun masu rawa nake ji, sai ya zo da kansa."

Ta ajiye gogen ta miƙe tsaye, ta tattare siket, ta hau taka daɓen ɗakin da takalmanta. Ai ta yi rawar nan ya fi sau goma sha biyar tare da marigayi mijinta. Sai dai wa ke sauraron kiɗa a zagaye na huɗu, gumi na zuba a ido, ana neman abin dafawa? Ƙafarta ta san shi, kunnenta bai riƙe ba.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Dod. "Saniya ce ta shigo min ɗaki?"

"Kai dai ba a iya maka!"

"Mutum takwas nake so. Maza huɗu, mata huɗu, a kan katako." Ya juya fuska ga bango, muryarsa ta yi ƙasa. "In na tafi da shi, yarinyar nan ta zauna cikin ruwa ke nan. Shekara ɗari da hamsin muna fito da ita, sai a hannuna za ta nutse."

Daidai nan Rhona ta turo ƙofa da jakarta. Ita ce nas ɗin da ke zagaya ƙauyukan kwarin, mace mai ƙiba da saurin hannu, wadda ba ta san kwana-kwana a magana ba. Ta auna shi, ta gyara masa matashi, sannan ta ja Ishbel zuwa kicin. Ishbel ta zayyana mata komai.

"Zauren rawa?" in ji Rhona. "Kin san irin sanyin da ke wurin nan kuwa? Mutumin da ko juya shi na yi sai zuciyarsa ta yi tsalle?"

"Kwana nawa ya rage masa?"

"Biyu. In ya yi taurin kai, uku."

"In an kai shi fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana iya zama yau."

"Ɗansa fa? Yaushe zai iso?"

"Asabar. Ko an kai shi ko ba a kai shi ba, ba za su gana ba."

Ishbel ta dafa tebur. Wato kwana biyun bawan Allah za ta ɗauka ta musanya da kiɗa. Kuma ta san kanta, ta san shekara nawa ta yi tana kwaɗayin sashen nan, har ta kasa rabe ko don shi take so ko don kanta. Abin ya tsaya mata a rai, ta ji kamar ta kurma ihu.

"Ina jin ku fa!" muryar Dod ta fito daga ɗaki. "Rhona, kwana biyun nan da kike min tanadi, me zan yi da su? Kallon rufin ɗaki?"

"Mista Cargill, aikina ne in faɗa maka gaskiya."

"Kin faɗa, na gode. Kin iya rawa?"

Rhona ta dubi Ishbel, ta dubi agogon hannunta, ta ja tsaki. "Ina da mai jego a gonar sama. Ƙarfe biyu zan dawo. In kuka taɓa shi kafin in zo, ni da ku ne."

Ishbel ba ta ga ta zama ba. Ta zura kwat ta fita ko maɓalli ba ta sa ba. Titi ɗaya ne a Dalmorie, gida ashirin da shida, rabinsu na mutanen birni ne da ba sa zuwa sai da rani. Shekara ashirin da biyu rabon da a yi rawar kaka. Waɗanda suka iya ta, yawancinsu suna kwance a maƙabartar bayan coci.

Ta fara da Netta Petrie, tsohuwa mai shekara saba'in da tara da baki kamar reza, ta same ta tana shanya.

"Rawa? Da wace gwiwar?" in ji Netta. "Ke Ishbel, kin fara shan wuski da safe ne?"

"Dod ne ke mutuwa."

"Na sani. Ni ma layi nake bi."

"Netta, don girman Allah. Babu wanda ya rage da ya san yadda ake shiga da fita a zagaye na huɗu sai ke."

Tsohuwar ta cire abin maƙale kaya daga baki ta dube ta da kyau. "Sashe na uku zai ba ki? Ke? Mace?"

"In ya tuna shi."

"Tirƙashi! Ashe zan ga wannan rana." Ta jefa rigar da ke hannunta cikin kwando. "Bari in nemo takalmana masu laushi. In na faɗi, ku ja ni gefe ku ci gaba."

Mai kanti ta yarda ta rufe na awa guda. Matar fasto ta ce ita a makaranta ta koya, kuma ta manta, Ishbel ta ce ta zo haka nan, za a riƙa tura ta. Da Rhona mata sun cika huɗu. Ta tare mai kai wasiƙa a kan kekensa, ta riƙe kan keken ta ƙi saki sai da ya yi alkawari. Ta haura gonar tagwaye, tsofaffin tuzurai biyu masu kiwon tumaki, ta shiga laka har idon sawu kafin ta same su a bayan garke. Suka saurare ta, suka dubi juna, ɗayan ya ce, "Sai mun yi wanka?" Ta ce ko da kashin tumaki a jikinsu su zo.

Maza uku ke nan. Ta ƙirga da yatsu tana gangarowa, ta sake ƙirgawa, ba su ƙaru ba. Ita ba za ta shiga layi ba, ita ce mai kiɗa. Akwai rikoda a gidan fasto, amma me za ta ɗauka? Muryar Dod ba ta fi numfashi ba, ƙafafu goma sha shida za su danne ta. Dole kunnen mutum ya kasance a bakinsa.

Saura Lachie Strachan. Da ma ko ba don rawa ba dole ta je wurinsa, domin makullin zauren na aljihunsa. Shi ya sayi wurin lokacin da rufin ya fara yoyo, ya cika shi da dankali. A ranar Dod ya tsaya a ƙofar coci a gaban kowa ya kira shi mai cikin buhu, ya rantse ba zai ƙara taka zauren ba sai dai a ɗauke shi a kai shi. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Ta same shi a ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Lachie, makullin zaure nake so. Da kai kanka."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To a gaishe shi." Ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙarfe.

Ta yi masa bayani tana tsaye, bai fito ba. Ta tuna masa cewa Dod ne ya yi kiɗa a bikin aurensa, ya ce ai an ba shi abinci ya ci. Ta ce mutumin ba zai kai Asabar ba, ya ce Allah ya sawwaƙe. Sai Ishbel, mace mai shekara sittin da takwas wadda ba ta saba roƙon kowa ko gishiri ba, ta durƙusa a kan gwiwoyinta cikin baƙin mai da laka, ta leƙa ƙarƙashin taraktar har suka haɗa ido.

"Ka dube ni," ta ce. "Ba don shi ba. Shi ya cuce ka, ni ma ya cuce ni, kowa ya san halinsa. Amma uwarka ta yi rawar nan, kakarka ta yi. In ya mutu gobe, shi ke nan, babu inda za a sake samo shi, ko a littafi ko a bakin wani. Awa ɗaya nake roƙo, Lachie. In ka ce in kwashe dankalin nan ni kaɗai, zan kwashe."

Ƙwanƙwasar ƙarfen ta tsaya. Sannan ya turo jikinsa waje, ya goge hannu da tsumma, yana kallon gefe.

"Tashi, don Allah, kada wani ya gan ki," ya ce. "Buhu ɗari uku ne. Ke kaɗai sai Kirsimeti."

Kafin ƙarfe biyu tagwaye da Lachie sun tura buhuna jikin bango, mai kanti ta share tsakiya. Katakon ya yi baƙi, amma da Netta ta buga masa dunduniya sai ya amsa, dum, kamar da. Wurin na warin ƙasa da sanyi. Rhona ta naɗe Dod da bargo uku, ta sa masa hular ulu, maza huɗu suka ɗauko shi a kan kujerarsa ta zama suka tsallaka titi da shi a hankali. Ishbel na biye da goge, tana jin kowane numfashinsa kamar daga ƙirjinta ake jan sa.

Da suka sauke shi a kan ɗan dandamalin makaɗa, Lachie ya miƙe yana haki ya ce, "To, ga shi an ɗauko ka an kawo ka. Rantsuwa ta fita."

Dod ya kalli buhunan da suka kai rabin bango. "Mai cikin buhu," ya ce. "Ka gyara rufin dai, na gani."

Suka ja layi, maza a hagu, mata a dama, kowa na fuskantar abokin rawarsa. Yadda rawar take, biyun da ke kan layi su ne ke jan zagaye, su ratsa tsakiya, su zaga, su ƙare a ƙasan layi, sai na bayansu su hau. Zagaye huɗu ne. A ukun farko sashe biyu ake kaɗawa, sai biyun ƙarshe sun hau kan layi sannan na uku ke shigowa. Ishbel ta dubi mutanenta. In aka haɗa shekarunsu sun haura ɗari biyar. Ta dubi Dod, leɓɓansa sun fara yin shuɗi.

"Mu fara daga zagaye na huɗu," ta ce. "Netta, ke da Lachie ku hau sama."

Ta ja dogon sauti, suka rusuna wa juna, ta shiga kiɗa. Matar fasto ta yi hagu inda ake dama, ɗaya daga cikin tagwaye ya cafko ta ya mayar. Sashe na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ishbel ta sauke baka ta sunkuya ta kai kunnenta bakin Dod, masu rawa suka ci gaba ba kiɗa. Ta ji ɗumin numfashinsa. Ban da shi ba ta ji komai ba.

"Tsaya, tsaya," ya ce. Suka tsaya. "Wa ya ce ku yi min wayo? Ba irin wannan ƙarar ba ce."

"Dod, ba za su iya huɗu ba. Ka dube su."

"Ai shi ne. Ƙafar da ba ta gaji ba, sama-sama take taka ƙasa. Sandy don gajiyayyu ya yi sashen nan, don wadda ta fito daga ruwa da jiƙaƙƙen siket. Sai sun fara jan ƙafa sannan zan ji shi."

Rhona ta hau dandamalin ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ishbel ta ga yadda ta cije leɓe.

"Sau ɗaya," in ji Rhona. "Daga shi sai gida."

"To ku koma wurarenku, 'yan banza," in ji Netta. "Kai Lachie, in ka taka min ƙafa sai na gaya wa uwarka a lahira."

Ishbel ta koma bayan kujerar Dod ta tsaya, ta sa goge a haɓa. Ta ja dogon sautin, suka rusuna, aka fara.

Zagaye na farko ya tafi lafiya, har mai kai wasiƙa ya yi ɗan ihun nan na masu rawa. A na biyu hular ɗaya daga cikin tagwaye ta faɗi, aka tattake ta, ba wanda ya kula. A na uku dariya ta ƙare. Fuskar mai kanti ta yi ja wur, Rhona na numfashi da baki, Lachie ya jiƙe sharkaf. Netta ta yi tuntuɓe ta tafi za ta kifa, ya tare ta da hannu ɗaya, ta ture shi ta ci gaba. Ishbel na kaɗawa tana roƙon Allah a zuci, kada tsohuwar nan ta faɗi, kada tsohon nan ya tafi, a ba ta minti biyu kacal, ba ta ƙara neman komai ba. Ƙarar ƙafafun ta sauya. Ta yi nauyi, ta yi ƙasa, takalma na gogar katako kafin su tashi.

Netta da Lachie suka hau kan layi. Sashe na farko. Sashe na biyu. Ishbel ta ga yatsun hannun daman Dod sun fara motsi a kan bargo. Ta kai ƙarshe, ta sauke baka, ta faɗi a kan gwiwa ta manna kunnenta da bakinsa.

Sai ga shi.

Siririyar murya ce, rabi iska, amma kiɗan na ciki tsaf. Ya fara daga ƙasa can, ya hau taku uku, ya zame baya, ya sake hawa, kamar mai neman wurin dafawa a gefen kogi. Ishbel ta san shi! Ƙafafunta sun san shi tun tana amarya. Ta rufe ido tana danna yatsunta a kan tsirkiya ba tare da ta ja baka ba, tana bin sa ɗaya bayan ɗaya. Ya gama layin farko na kiɗan. Ya shiga na biyu, ya hau, ya hau, ya kai wani sauti mai tsawo a sama ya riƙe shi.

Ta jira ya sauko. Iska ta fita a hankali ta taɓa mata kunne. Ta jira ya ja wata.

A ƙasa ƙafafu suka yi taku takwas da suka rage a rawar, suka tsaya. Masu rawa suka rusuna wa juna, sannan suka juyo wajen dandamali za su tafa wa makaɗi kamar yadda aka saba. Mai kai wasiƙa ne kawai ya kai ga tafawa, sau biyu, ya bari.

Rhona ta hau da sauri. Ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta sa yatsu biyu ta rufe masa ido. Matar fasto ta fara addu'a ƙasa-ƙasa. Mai kanti ta nufo Ishbel da hannu a buɗe.

"Wayyo Ishbel, sannu..."

"Kada ki taɓa ni!" Ishbel ta ja da baya, ta toshe kunne ɗaya da hannu. "Kada kowa ya yi min magana. Don Allah ku yi shiru."

Suka tsaya cirko-cirko. Kuka ya taso mata, ta danne shi da ƙarfi, domin ta san in ta bari ya fito zai tafi da kiɗan. Sau ɗaya tak ta ji shi. Yana nan a kanta yana rawa kamar ruwa a cikin faranti, har ta fara jin farkon layi na biyu na neman zamewa. Ta ɗora baka a kan tsirkiya ta ja. Sauti uku suka fito daidai, na huɗu ya kauce. Ta sake, ya sake kaucewa. Wayyo Allah! Ta kashe mutum ta kuma zubar da abin da ta kashe shi dominsa.

"Ba ya zuwa," ta ce, ba ta san a fili ta faɗa ba. "Yanzun nan yana nan. Ba ya zuwa."

Netta na zaune a kan buhun dankali, ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe. Ta dubi Ishbel, ta dubi Dod. Sannan ta miƙa wa Lachie hannu.

"Ɗaga ni," ta ce. "Ku koma layi."

"Haba Netta," in ji Rhona. "Gawa fa ke nan a zaune. Ke ma kin ga yadda kike."

"Gawar ba ta sauri, ni ce mai sauri. Ishbel ba za ta samu kiɗan nan muna tsaye haka ba, sai ta ji ƙafa. Ai gajiyar ta samu, ba sai mun fara daga farko ba."

Lachie ya tuɓe kwat ɗinsa, ya hau dandamali ya lulluɓa wa Dod a ƙirji, ya gyara masa hular da ta karkace, ya sauko ya tsaya a gaban Netta. Tagwaye suka shiga. Matar fasto ta share ido da bayan hannu ta shiga. Rhona ce ta ƙarshe.

Ishbel ta koma bayan kujerar. Ta ja dogon sautin, suka rusuna. Yanzu kam jan ƙafa suke yi sosai, ba mai ɗaga kai. Ta gangaro da sashe na farko, ta ratsa na biyu, da ta iso wurin ba ta yi tunanin komai ba, ta saurari katako kawai. Hannunta ya wuce. Ya hau taku uku, ya zame, ya sake hawa. Layin farko ya fito cif. Na biyu ya biyo shi, ya hau, ya hau, har sautin nan mai tsawo na sama. Ta riƙe shi iyakar tsawon bakanta, sannan ta ɗaga, domin daga nan ba ta da komai.

Ƙafafu goma sha shida suka ƙarasa taku takwas ɗin a kan katako, a hankali, ba kiɗa. Suka tsaya.

Ishbel ta ajiye gogen a ƙasa, ta zauna a gefen dandamali kusa da kujerar. Ta zaro hannun daman Dod daga ƙarƙashin kwat ɗin Lachie ta riƙe a cinyarta, da sauran ɗuminsa. Ƙurar da suka tayar na sauka a hankali cikin hasken taga, tana zama a kan buhuna da kafaɗun mutum takwas da har yanzu ba su bar layi ba.